Bakin Lofen Ƙaguwa

Jiya na ji ɗaya daga cikinku yana cewa aikin da na ci abinci da shi ba wani aiki ba ne, bututu ne da ɗan koko a kai, in aka ba shi yini guda zai ƙera irinsa. Ban tanka ba, don lokacin sallah ya matso. Yau tun da kun taru, ku gyara zama in gaya muku yadda ake yinsa, sai ku auna da kanku ko yini guda zai isa.

Sunana Idrisu, amma duk unguwar Mansur ta nan Makka Idi Maƙeri aka sani. Gidanmu a Kano maƙeran fari ne, azurfa da tagulla muke taɓawa, zobba da mundaye da 'yan kunne. Na zo Hajji ta ƙasa, ta Sudan, ina da shekara ashirin da 'yan kai. Na sauke farali, guzuri ya ƙare, na zauna, ba iƙamar zama ba wata takarda. A farkon shekarun 1960 na samu gindin zama a shagon Mu'allim Hasan, wani dattijo mutumin Jawa, a wani lungu da ke gangarawa Harami wanda yau ko wurinsa ba za ku gane ba. Butocin gahawa muke gyarawa, da fitilu, da tire. Lofe kuwa a ƙarƙashin benci yake zama, cikin akwatin shayi, don taba ba abin da ake bajewa a fili ba ne a garin nan. Ni kaina ban taɓa sa ta a baki ba.

Lofen Japan ba irin namu na ƙasa ba ne. Kashi uku ne: kai na ƙarfe mai ɗan koko da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, baki na ƙarfe, sai siririyar gora da ta haɗa su. Mu'allim ya ce masu shi kiseru suke kiransa. Alhazan Jawa da na Malaya ne ke zuwa da shi. Sojojin Japan sun zauna a ƙasashensu lokacin yaƙi, suka tafi suka bar tarkace, su kuma alhazai in za su hau jirgin ruwa sai su ƙullo duk abin da zai sayu, don su ƙara guzuri. Masu tara irin waɗannan kaya kuma a Jidda suke, yawancinsu ba Musulmi ba, ba su da ikon shigowa Makka. Saboda haka sai kaya ya bi ta hannunmu, ya bi ta hannun dillali, kafin ya kai gare su.

Na farko da na taɓa, ɓata shi na yi. Mu'allim ya tafi jana'iza ya bar ni da shago, na buɗe akwatin shayi na ga wani lofe baƙi ƙirin, da 'yan furanni na zinariya a jikinsa. A gidanmu an koya mini ƙarfe in bai yi ƙyalli ba maƙeri ne rago. Na jiƙa tsamiya, na kawo toka, na zauna na dirje shi har ya koma ja kamar sabon kwabo. Ina ta jin daɗi. Da Mu'allim ya dawo ya gani, bai ɗaga murya ba. Ya tura ƙyaure ɗaya ya rufe, ya zauna, ya ce baƙin nan da na kankare ba datti ba ne. Jan ƙarfe ne da aka gauraya da ɗan zinariya, aka dafa shi a wani ruwa har ya ɗauki wannan launi, kuma launin shi ne abin da mai saye ke nema.

"Kai ka cire," ya ce, "kai za ka mayar."

Kwana arba'in na yi a kan wannan. Ana kankaro koren tsatsar da ke fitowa a tsohuwar tukunyar jan ƙarfe, a haɗa da wani shuɗin gishiri da masu magani ke sayarwa, a tafasa a tukunyar jan ƙarfe, ba ta dalma ba. Kafin a tsoma lofe sai an wanke shi tas, an shafe shi da markaɗaɗɗen fijil, farar saiwar nan mai yaji da kuke ci da kifi. In yatsanka ya taɓa shi bayan wanki, shatin yatsan zai fito a jiki, sai ka koma farko. Na tsoma ya fito ruwan ƙasa. Na sake ya fito dabbare-dabbare. Mu'allim sai ya duba ya miƙo mini. A karo na goma sha wani abu ya fito baƙi mai shuɗi-shuɗi, ya ɗaga shi a hasken ƙofa ya daɗe yana kallo, sannan ya sa a akwati. Yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Wata rana wani Bamalaye ya kawo guda wanda gorarsa ta tsage tun daga kai har baki. Wannan shi ne aikin da ya fi yawa, don gorar da ta saba da damshin ƙasarsu ba ta jure bushewar Makka, wata biyu ta fashe. Gora mai wannan siranta ba a samunta a kasuwa. Sandar tsofaffin laimomin Jawawa muke bi muna saye. Sai ka zaɓi tsakanin gaɓa da gaɓa, ka huda da waya mai zafi a hankali don kada ta ƙone ta ciki, ka fere bakinta biyu da wuƙa kaɗan-kaɗan kana gwadawa. Ba a sa danƙo. Ƙarfen ake ɗumamawa ya buɗe, a zura gora, in ya huce ya kama ta. Ka fere da yawa ta yi lako-lako, ka bar ta da kauri ta tsaga maka ƙarfen da ya girmi kakanka. Kafin wannan duka sai an fitar da tsohon daskararren hayaƙin da ke ciki, da tururin buta da murɗaɗɗiyar takarda. Warinsa kan kwana uku a hannu.

Kayan aikina duka sukan shiga jaka ɗaya. 'Yar ƙaramar uwar maƙera, ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a buga, wadda ba ta fi tafin hannu ba, masaba ƙanana biyu, awartaki, magagari iri huɗu, da bututun hura wuta da nake amfani da shi a kan fitilar kananzir. Sauran ni na ƙera abina: sandunan ƙarfe masu tsini da ake naɗa azurfa a kansu, da ƙusoshin da na wasa bakinsu na mai da su abin zane. Da bututun nan ake gane maƙeri. Sai ka koyi hurawa ba yankewa, kana jan numfashi ta hanci kana fitarwa ta baki a lokaci ɗaya, don in wuta ta yi ƙasa sinadarin liƙi ya daskare a rabin hanya, in ta yi sama zanen da ke gefe ya narke. Shekara biyu na yi kafin Mu'allim ya bar ni in yi wa kan lofe liƙi.

Shi ya koya mini kuma yadda ake gane na gaske. Maƙeran Japan ba zuba narkakken ƙarfe suke yi ba. Fallen ƙarfe suke naɗewa su liƙe, saboda haka in ka juya cikin lofe za ka ga wani siririn layi kamar gashi daga sama har ƙasa. Na jabu zubi ne, ba shi da layi, ya fi nauyi, kuma zanensa ba kaifi, kamar an zana a kan sabulu. Da kasuwar ta buɗe sai na jabu suka fara shigowa ta jiragen ruwa, ba mu san inda ake yin su ba.

Mu'allim ya rasu bayan na shekara shida a wurinsa. Ya bar mini benci da akwatin shayi, amma shago ba ya zama da sunan wanda ba shi da takarda. Sai Abdurrahim ya karɓa da sunansa. Shi ne babban dillalinmu, haifaffen Makka ne, iyayensa Katsinawa, Hausarsa rabi Larabci. Mutum ne mai fara'a da kyauta, ba zan ɓoye wannan ba. Ranar da aka haifi 'yata ta biyu shi ya kawo ragon suna.

Aikin da ya raba mu, kan lofe ne kawai ya kawo mini, ba gora ba baki. Azurfa ce tsantsa, an zana ƙaguwa tana fitowa daga cikin igiyar ruwa, idanunta ɗigon zinariya biyu. Ban taɓa riƙe mai kyansa ba. Ya ce a wurin wata tsohuwa ya samu, bakin ya ɓace tun a jirgi, in yi masa sabo. Na narka tsofaffin riyalan azurfa, na buga falle, na naɗe, na liƙe. Sannan na zauna da kan a gabana ina nazarin yadda mai shi ya ja igiyar ruwansa, inda ya danna da inda ya sassauta. Sai da na cika guntun tagulla uku da gwaji kafin na taɓa azurfar. Kwana goma sha tara. Da na gama na turara shi da farar wuta don launinsa ya zo daidai da na kan, domin gyara mai kyau ba ya tsone ido. Abdurrahim ya karɓa ya juya, ya juya, ya rasa inda tsoho ya ƙare sabo ya fara.

Bayan sati biyu ya shigo shago yana dariya, ya ce Hakim ya saya. Hakim wani tsohon likitan jiragen ruwa ne a Jidda, mutumin Girka, wanda ya fi kowa tara lofen Japan. Na tambaye shi ko ya gaya masa bakin sabo ne. Ya ce wane irin sabo, ai cewa ya yi haka ya fito daga Japan, hannu bai taɓa shi ba, kuma mutumin ya duba da gilashi bai ga komai ba. Yana faɗa yana dafa kafaɗata, a ganinsa yabona yake yi. Na ce masa ya koma ya faɗi gaskiya. Ya ce halas, wato an gama, ciniki ya wuce. Na sake yi masa magana bayan Juma'a, sai fuskarsa ta canza.

"Ya Idi," ya ce, "ka tuna da sunan wa ƙofar nan take buɗewa."

Na gaya wa mai ɗakina Hajara cewa Jidda zan tafi. Ta san abin da wannan ke nufi. Lokacin bayan Hajji ne, ana tsince waɗanda suka zauna ba takarda, a kan hanyar kuma akwai shingen askarawa. In aka kama ni jirgi za a sa ni, ita da yara biyu su zauna ba mai kawo cefane. Ta ce ba wanda ya san ni na yi, ba wanda zai taɓa sani. Na ce mata Mu'allim ya yi shekara talatin ana karɓar maganarsa ba rantsuwa, a kan bencinsa nake zaune. Sai ta tashi ta ɗauko mini haramina, ta ce in dawo da niyyar umra.

Da hantsi na hau motar wani ɗan Zinder mai ɗaukar kankana, na zauna a baya cikin kwanduna. Gidan Hakim kusa da tashar jiragen ruwa yake, dogo mai tagogin katako. Mai gadi ya dubi rigata da ƙafafuna ya ce in yi gaba. Na ce ya shiga ya ce wanda ya ƙera rabin lofen ƙaguwa ne a ƙofa. Ba a jima ba sai ga tsohon da kansa ya sauko, gajere mai farin gashi, Larabcinsa ya fi nawa.

Ya kai ni wani ɗaki mai kabad, aljihunansa shimfiɗe da koren ƙyalle, lofe jere a kai sun fi talatin. Ya ɗauko na ƙaguwa ya ajiye a tebur, ya ce bai yarda ba, in nuna masa. Na zare gorar. Na nuna masa layin liƙin kan, wanda ya ɗan yi rawaya, da nawa wanda ya fi fari, don sinadarinmu ba ɗaya ba ne. Sannan na ce ya leƙa ciki da gilashinsa. Sawun magagari a cikin kan daga dama ya karkata, a cikin bakin kuwa daga hagu, saboda ni bahago ne. Ya duba ya daɗe. Wuyansa ya yi ja. Ya ajiye gilashi ya tambaye ni abin da nake so a ba ni. Na ce ba na son komai. Ya ce to me ya kawo ni.

Na ce, "Wanda ya yi kan nan ya mutu, ba shi da bakin da zai ce ba shi ya yi sauran ba. Ni ina da rai."

Ya sa aka kawo shayi. Daga nan ya jawo aljihunan nan ɗaya bayan ɗaya ya ce in duba masa duka. Har la'asar ina kai. Na ware masa biyu na zubi, na nuna masa yadda zai gane da kansa. Na ga uku da suka bi ta hannun Mu'allim, na san gorarsa. Na ƙaguwa kuwa ya ce ba zai mayar ba, yana sonsa a haka, amma in sa wata alama a cikin bakin don wanda zai gaje shi ya san hannu biyu ne suka yi. Na ɗauko ƙusa daga aljihu na buga ɗigo uku. Tun daga ranar duk abin da na ƙara wa tsohon kaya sai na sa masa ɗigo ukun nan.

A hanyar dawowa na yi wanka na ɗaura harami, na yi niyyar umra da gaske, don ban yarda in yi wa Ubangiji wayo ba. A shinge askari ya leƙo bayan mota, ya gan ni ina talbiya, ya dube ni, ni ma na dube shi. Ya buga jikin motar da hannu ya ce a wuce. Na yi ɗawafi da sa'ayi kafin na je gida.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a sana'ata. Hakim ya kira Abdurrahim ya yi masa abin da ya yi masa, ban san me suka ce ba. Bayan kwana uku na zo na tarar da sabon kwaɗo a ƙofar shago, kayan aikina a buhu wurin mai shayin lungu. Bai kai ƙarata wurin hukuma ba, ko da yake yana iyawa, wannan na riƙe masa. Amma ya gaya wa dillalai cewa ni mai tona ciniki ne, ba wanda ya ƙara kawo mini ko zobe. Na koma gida a kan dutse na kafa murhu a tsakar gida, ina shafa wa tukwanen masu tuwo da masu waina dalma. Hajara ta fara ƙosai da kunu. Aikin dalma yana kashe hannu, yatsu su yi kanta, su daina jin abu mai laushi. Don haka kowace safiya kafin in hura wuta sai in ɗauki guntun tagulla in ja igiyar ruwa layi goma. Wata rana ma ba mu ɗora tukunya ba sai da maƙwabta suka aiko. Wani ya zo zai sayi 'yar uwar maƙerata, na ce ba ta sayarwa ba ce.

Abin da ban sani ba, masu tara kayan nan a Jidda ba su da yawa, kuma duk sun san juna. Hakim ya ba su labari. Sai ya zama duk dillalin da ya kai lofe, tambayar farko ita ce ko maƙerin nan bahago ya gani. In bai gani ba, a ce a mayar. Ɗan Zinder mai kankana ne ya fara kawo mini saƙo, ƙunshi ɗaya, sannan biyu. Ƙananan dillalai suka fara hawowa dutse a ɓoye, kowa yana roƙon kada in gaya wa ɗan'uwansa.

Abdurrahim shi ne na ƙarshe. Wata ranar Talata bayan azahar na ji sallamarsa a ƙofa, yana haki saboda hawa. Na amsa, na shimfiɗa masa tabarma, Hajara ta aiko da shayi. Muka gaisa, ya tambayi yara da sunayensu. Bai ambaci shago ba, ni ma ban ambata ba. Da ya shanye sai ya kwance wani ƙyalle, lofe biyar a ciki, ya tura gabana.

Na ɗauke su ɗaya-ɗaya, na auna a tafin hannu, na juya cikinsu a rana. Uku na ajiye dama, biyu hagu. Ya nuna ɗaya daga na hagun ya ce wannan fa ya fi sauran kyau, kuma shi ya fi shan wuya kafin ya samu. Na ce zubi ne. Ya ce ba wanda zai gane. Na ce ni na gane.

Ya zauna yana kallon biyun nan har shayin da aka ƙara masa ya huce. Sannan ya nannaɗe hannun rigarsa, ya jawo 'yar uwar maƙerata gabansa, ya ɗora na farko a kai.

"Miƙo mini masabar, Mu'allim," ya ce.